Abin da Ban Faɗa wa Auta Ba

Ƙanena aikinsa magana da jiragen sama. Yana zaune a Yamai, a wani ɗaki mai sanyi, yana gaya wa matuƙa su hau ko su sauko, su yi dama ko su yi hagu, don kada biyu su haɗu a hanya ɗaya. Ni kuma ina koyar da ƴan aji biyu a ƙauyenmu, tsakanin Belbeji da Gangara, inda ko akuyar gidanmu ba ta bin umarnina. Mu biyu muka rage wa Baba. Na girme shi da shekara tara, ukun da ke tsakaninmu sun koma tun suna goye, Inna kuma ta rasu yana ɗan firamare, saboda haka ni na ƙarasa renonsa. Har yau Auta nake ce masa, shi kuma ya ce mini Yaya. Akwai lokacin da Baba ya yi shekara biyu da rabi bai sa shi a ido ba, kuma ba shi da burin da ya wuce ya gan shi kafin ya bar duniya. Wannan ganin ya faɗo hannuna rana ɗaya, a waya, kuma abin da na yi da shi nake son in rubuta.

A rediyo muka ji sanarwar, shekarar da ya samu bak, takardar gama sakandare. Aka ce gwamnati na neman samari da ƴan mata masu kan lissafi, za ta koya musu kula da zirga-zirgar jirage, domin tsofaffin ma'aikatan suna ta ajiye aiki babu masu gadonsu. Ni na matsa masa. A lokacin aurena ya riga ya mutu, na dawo gida ba haihuwa, duk burina ya koma kansa. Ya je Damagaram ya yi konkur, wato jarrabawar shiga, ya ci. Aka kira shi Yamai aka duba idonsa, kunnensa, zuciyarsa, har yadda yake furta Ingilishi, kai ka ce raƙumi za a saya a kasuwar Belbeji. Daga nan suka miƙo masa takarda ya sa hannu: su za su ɗauki nauyin karatunsa da cinsa da makwancinsa, shi kuma zai yi musu aiki shekara goma ba tashi.

Da ya kawo labarin, Baba na zaure yana gyaran ƙotar hauya.

"Kai za ka riƙa tuƙa jirgin?"

"A'a, Baba. Ni zan riƙa gaya wa mai tuƙin inda zai bi."

Baba ya ajiye ƙotar. Shi mutum ne da kakansa ya bi ayarin arewa, don haka bai sha wahalar ganewa ba. Ya ce, "To, madugu ke nan. Madugun da ba ya hawa raƙumi." Ya sa masa albarka. Sai da Auta ya fita Baba ya tambaye ni ko daga ranar sa hannu ake fara ƙirga shekara goman, ko sai an gama karatu. Na ce sai an gama. Ya ce to, ya ci gaba da sassaƙarsa.

Hutunsa na farko ya dawo mana da wani sabon baki. Ranar da ya kwana biyu Baba ya ce masa ya ɗauki dami uku na hatsi ya kai gidan kawunmu, ya biya ya karɓo igiyar rijiya. Auta ya tsaya ƙyam ya ce, "Dami uku, gidan Kawu, in karɓo igiya." Ya tsaya yana jira.

Baba ya ɗago kai. "Kwaikwayona kake yi?"

Na yi dariya har na dafe ciki. Auta ya ji kunya, ya durƙusa ya yi bayani. Ya ce a aikinsu duk abin da aka faɗa maka sai ka maimaita wa mai faɗar, kalma da kalma, sannan ka saurara. In ka ji daidai ya ce haka ne, in ka ji ba daidai ba nan take ya gyara. Ya ce babu gaisuwa, babu kewaye-kewaye, babu wataƙila. Watanni aka yi ana horar da su a gaban na'ura, duk wanda ya yi zaton abin da matuƙi ke nufi maimakon ya ji abin da ya faɗa, malamin ya tsayar da komai ya ce masa ka kashe mutum ɗari biyu, koma ka sake. Baba ya ce lalle aiki ne na marasa kunya, amma in haka ake tsira da rayuka, to Allah ya taimaka. Ni kuwa na samu abin tsokana. In na ce masa miƙo ludayi sai in ƙara da cewa, "Maimaita, madugu." Na ji bayanin nan da kunnena, na fahimce shi sarai, har wasa na yi da shi. Ba zan iya cewa ban sani ba.

Ya gama karatu aka ajiye shi a Yamai. Daga nan muka koma mutanen waya. A ƙauyenmu rezo, wato sabis na waya, ba ya shiga gida, sai an hau tudun yashin da ke bayan rumbunan Baba, a juya baya ga iska. Shi kuma ba a shiga ɗakin aikinsu da salula, a akwati suke kulle ta, sai lokacin ɗan hutun da ake ba su a tsakiyar aiki. Sai ya kira, in ruga in riƙo hannun Baba mu hau tudu. Baba ya karɓa ya fara: ya gajiya, ya aiki, ya zafi, ya mutanen Yamai, ya shef ɗinka, ya abokan aikinka, ya masu gidan da kake haya. Mu nan ai haka ake yi. Magana ba ta zuwa a gaba. Sai an gama gaisuwa kaf, an yi ɗan shiru, sannan babba ya gyara murya ya ce, "Sai kuma..." To a nan maganar take. Auta kuwa agogo ke cinsa. Baba na kan masu gidan haya sai ka ji ya ce, "Baba, akwai wani abu? Saura mini minti uku."

"Babu komai sai alheri."

"To madalla. A gaida kowa."

Baba ya miƙo mini wayar. Sau da yawa na san akwai abin da ya hau tudun da shi, kuma da shi ya sauko. Rijiyar gona ta rufta, kawunmu ya kwanta ya tashi, aka sace mana jaki, duk Auta bai ji ba. Abin na ba ni haushi, amma ban taɓa zaunar da shi na gaya masa ba. Ina ganin ɗan da na goya bai kamata a koya masa jin maganar gidansu ba.

Shekarun farko yana zuwa duk shekara. Daga baya abin ya tsuke. Ya ce mutanensu na tafiya ƙasashen da ake biya da tsoka, da zarar shekarun alkawarinsu sun cika, sababbin kuma ba a rana ɗaya ake dafa su ba, kafin mutum ya iya zama shi kaɗai a kujera sai an shekara ana tsaye a bayansa. Gwamnati ta ƙara musu kuɗi, ta taimaka musu da muhalli, don su zauna. Auta ya aiko aka yi wa ɗakin Baba rufin kwano, ya saya mini babur. Abin da ba a iya ƙara musu ba shi ne mutane. Konje, wato hutun shekara, ya koma bi da bi, a rubuta sunan kowa da watansa tun farkon shekara, in ɗaya ya tafi sauran su rufe gurbinsa. Sau biyu nasa na zuwa ana ɗagawa, don wani ya yi rashin lafiya, wani kuma ya tafi ƙarin horo. Ba wanda ya yi masa mugunta. Kujera ce da ba a barinta babu kowa.

Manyan jirage na bi ta kanmu da rana, can ƙololuwa, daga arewa su nufi kudu. Ba ka jin ƙararsu sosai, sai farin zaren da suke ja a baya. Duk inda Baba yake a gona, in ya hango sai ya dogara da hauya ya kare ido da tafin hannu ya ce, "Ga na Auta nan." Na sha gaya masa cewa Auta ba ya ganin jirgin nan, ɗakin da yake ko taga babu, ɗan ɗigo kawai yake gani a gilashi. Baba ya ce ni dai ban san komai ba sai alli da allo. Yakan tsaya har zaren ya baje, sannan ya koma noma. Ni ma na koyi ɗaga kai, amma ni ba daɗi nake ji ba. Gidan nan mai ɗaki biyar, daga ni sai tsoho, in na dawo daga lakkol, wato makaranta, babu wanda zan ce wa kai yau na gaji. Kaɗaici ya ci ni a shekarun nan, kuma wani ɓangarensa ya rikiɗe ya zama fushi da Auta, ko da yake ni na tura shi.

Da bazarar shekara ta shida Baba ya fara barin fura a ƙwarya. Ƙafafunsa suka kumbura, in ya je masallaci sai ya huta sau biyu a hanya. Na ɗora shi a amalanke muka je likita a Belbeji. Majo, babban ma'aikacin jinyar wurin, ya duba shi, ya ba da magani, sannan ya ce in biyo shi waje. Ya ce zuciya ce, ta gaji. Ya ce, "Madan, in akwai wanda ya kamata ya gan shi, ya zo." Mutumin nan bai ɓoye mini komai ba.

Bayan ruwan shuka da kwana kaɗan Auta ya turo saƙo cewa zai kira da la'asar, akwai magana. Konjensa na wannan shekara an rubuta shi da kaka. To wani abokin aikinsa na son su yi musanya, shi ya karɓi na kaka don bikin ƙanwarsa, Auta ya karɓi nasa ya taho cikin mako. A ranar za su ba shef, shugabansu, amsa.

Baba ba ya iya hawa tudu a lokacin. Da na karanta masa saƙon yana kishingiɗe a inuwar zaure, idonsa ya yi haske, na gani. Amma da ya buɗe baki cewa ya yi, "Kada ki tayar masa da hankali. Rayukan mutane ke hannunsa. Yanzu in ya zo me zai gani, ƙasa? Ya bari da kaka ya zo ya ga hatsi." Na san Baba. Na san abin da ya faɗa, na kuma san abin da yake so, kuma ba ɗaya ba ne.

Na hau tudu ni kaɗai. Ya kira.

"Yaya, lokacina kaɗan ne. Kin ce kun je likita. Ya jikin Baba? In taho yanzu, ko in bari sai kaka?"

A wurinmu ba a cewa mai rai zai mutu. Ba a faɗa, ko da an ga alama ƙarara, don ba kai ke da ranar ba. Cewa ake da sauƙi, sauran kuma ɗan gida ya ji shi a abin da aka haɗa da shi. Na yi shiru mai tsawo, wanda shi kansa magana ne. Sannan na ce, "Da sauƙi." Na ce, "Jiki dai na tsufa, sai addu'a." Na ce, "Yana yawan tambayarka." Wallahi duk wanda aka haifa a ƙasarmu ta Damargu, in ya ji waɗannan ukun a jere daga bakin yayarsa, ba zai koma ɗaki ɗaukar jaka ba, tasha zai nufa. Na jera masa su kamar yadda ake jera wa kowa, na tsaya ina jiran ya ce gani nan.

Ya ce, "Da sauƙi. In bari sai kaka."

Ya saurara. Na san wannan sauraren. Shi ne wanda ya yi wa Baba bayani a kansa yana durƙushe, wurin da ake gyara wa mutum in ya ji ba daidai ba. Ya buɗe mini ƙofa ya tsaya. Kalma biyu kawai ake nema, ka taho. Ina da hujjar al'ada, ina da hujjar umarnin Baba, kuma da su na yi ta kare kaina daga baya. Amma gaskiyar abin da ya riƙe mini harshe a kan tudun nan fushi ne. Na ce a raina, ni da ke wanke masa ƙafa ba wanda ya fassara mini, kai sai an tauna an ba ka? In ba ka ji wannan ba, to zauna da jiragenka.

Na ce, "Haka ne."

Ya ce, "Alhamdu lillahi, kin kwantar mini da hankali. Ki gaishe shi. Sai kaka." Na ji muryarsa ta saki, har da ƴar dariya. Ya kashe.

Da na sauko Baba ya dube ni. Na ce sai kaka. Ya ce madalla, haka ya fi, ya juya fuskarsa wajen bango.

Na yi niyyar gyarawa. Kullum sai in ce gobe zan kira shi, in kuma ce ai musanyar ta wuce, me ya rage. Baba ya ɗan farfaɗo har ya zauna yana ba da umarnin noman farko, na ce ka gani, da na tayar da yaro a banza. Hatsi ya yi kyau a shekarar, ya kai ƙugu, ya wuce kai. Ranar wata Talata da hantsi, hatsi na fitar da kai, na shiga da kunu na tarar ya cika.

Na hau tudu na kira, wayar na akwati. Aka yi masa sutura, aka kai shi kafin azahar. Sai bayan la'asar Auta ya ga kirana ya biyo. A wannan karon ban kewaya ba, na ce Baba ya rasu, an rufe shi. Bai maimaita ba.

Kwana biyar suka ba shi. Yini guda cur a kar, babbar motar fasinja, zuwa Damagaram, kashegari motar Tanut, a sauka a mararraba a jira abin da Allah ya kawo. Ya iso ranar sadakar uku da yamma, ana naɗe tabarmi. Yini ɗaya ke gare shi a gida. Da safe ya je kabari da kawunmu, da ya dawo ya ce in raka shi gona. Muka shiga cikin hatsi har muka daina jin muryar mutane.

"Na tambaye ki, Yaya."

"Na gaya maka."

"Kin ce da sauƙi."

"Na ce sai addu'a! Na ce yana tambayarka! Kai ba ɗan garin nan ba ne? Me kake so in ce, ubanmu zai mutu?"

"E. Ko ki ce in taho." Bai ɗaga murya ba. "Shekara uku aka yi ana cire mini wannan kunnen da kike nema. Ranar da na fara jin abin da mutum bai faɗa ba, ranar zan kashe mutane. Shi ya sa na maimaita miki. Na jira. Kika ce haka ne."

Na zauna a ƙasa cikin kunya na ce masa fushi nake da shi a ranar, ba al'ada ce kaɗai ba. Ban taɓa faɗa wa kowa ba sai a lokacin. Ya zauna kusa da ni ya yi kuka irin wanda rabona da gani tun rasuwar Inna. Muna nan jirgi ya bi ta kanmu da farin zarensa. Na gaya masa abin da Baba ke cewa in ya gani. Ashe ko wannan bai sani ba, don a cikin abubuwan da ke zuwa bayan gaisuwa yake.

Da kaka ya zo, kamar yadda aka rubuta. Wata guda cif. Muka yanke hatsin, aka ɗaure, aka cika rumbu biyu har da saura. Ya ga hatsi, kamar yadda Baba ya ce. Ya yi maganar ajiye aikin ya dawo, na ce kada ya kuskura, saura shekara huɗu a takardarsa, kuma in ya tashi wani ɗan mutane ne zai rasa nasa konjen. Wannan kam abin da nake nufi na faɗa.

Yanzu in ya kira ya koyi gaisuwa. Yana bi dalla-dalla, ya gida, ya yara, ya kawu, ya akuya, ko da minti biyar ke gare shi. In ya gama sai ya yi shiru ya ba ni fili. Na daɗe ina cika filin da lafiya lau. Kwanakin baya, da rani, na hau tudu bayan an tashi daga lakkol, ya gama gaisuwarsa ya saurara. Na dubi gidan daga sama, rufin kwanon Baba na ƙyalli, ba hayaƙi, ba motsi.

Na ce, "Auta, ba lafiya ba. Ni kaɗai ce. Har yanzu tuwon mutum biyu nake tuƙawa in ba kaji rabi. Ina kewarka. Ina son ka zo."

Ya ce, "Ke kaɗai ce. Kina son in zo."

"Haka ne."

"Na ji, Yaya." Ya ja numfashi. "Ba zan samu ba sai kaka."

Na ce na sani. Ya ce lokacinsa ya cika, ana jiransa a kujera. Na sa wayar a haɓar zane na gangaro, don akuya na ta kuka tun ɗazu ba a ba ta ruwa ba.